Gwajin da ke tona asirin kwalta kafin damina ta tona shi

Duk direban da ya kwana biyu a kan hanya ya san yadda abin yake. A shimfiɗa kwalta da rani, baƙa wuluk, sumul, a yi bikin buɗewa da kiɗa da jawabai. Damina ta farko ta wuce lafiya. A ta biyu, wajejen watan Agusta, sai a fara ganin tsakuwa a warwatse a gefen titi kamar an zubar da gero.

Kafin kaka ta kama, ɗan ramin da bai fi faɗin faifai ba ya zama mai fasa taya. Yara sun fito da shebur suna cike shi da ƙasa, suna miƙa wa direbobi hannu.

A tasha da majalisa amsar ɗaya ce: an ci kuɗin aikin. Sau da yawa maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai injiniyoyin hanya sun san wata cuta takamaimiya da ke kama kwalta idan ruwa ya shige ta, wadda kan kama har titin da aka kashe wa kuɗinsa cif. Sun kuma daɗe da ƙirƙiro hanyoyin gano ta a ɗakin gwaje-gwaje, cikin 'yan kwanaki, tun ba a zuba ko tifa ɗaya a kan hanya ba.

Mene ne a cikin kwalta?

Abin da muke kira kwalta haɗi ne na abubuwa biyu. Kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinta dutse ne: tsakuwa manya da ƙanana, yashi da garin dutse. Ragowar kashi 5 ɗin shi ne baƙin dankon da ake samu a ƙarshen tace ɗanyen mai, wanda ake kira bitumin.

Ana dafa su tare a zafin da ya kai wajen digiri 150 a ma'aunin Salshiyas, har dankon ya lulluɓe kowace tsakuwa, sannan a shimfiɗa, a bi da rola a danne tun da zafinsa.

Wanda ya san kantun gyaɗa ya fahimci tsarin. Gyaɗa ce ke da jiki, sukari ne ke riƙe ta. Haka dutse ne ke ɗaukar nauyin mota, danko kuma shi ke hana duwatsun rabuwa. Ran da dankon ya saki dutse, abin da ya rage tarin tsakuwa ne kawai.

Akwai abu na uku da ido ba ya gani, wato ƙananan kofofin iska da ke tsakanin duwatsun. A lissafin injiniyoyi, ana so su tsaya a wajen kashi 4 cikin 100 bayan motoci sun gama danne titin. Idan suka yi yawa, sai su haɗe da juna su zama hanyar ruwa.

Yadda ruwa ke raba dutse da danko

Ruwa ba ya narkar da bitumin. Ɓarnarsa ta wata fuska take zuwa. Yawancin duwatsu sun fi son ruwa a kan danko, domin danko dangin mai ne. Da zarar ruwa ya sami ƙafar shiga tsakanin su biyun, sai ya riƙa ture dankon a hankali yana maye gurbinsa, har dankon ya saɓule kamar fatar dafaffen tumatir.

Nau'in dutse yana da tasiri ƙwarai. Duwatsu masu yawan sinadarin silika, irin su giranait da kwaz, su suka fi saurin sakin danko. Dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi, ya fi riƙe shi da kyau.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye, domin galibin tsakuwar da ake fasawa a wuraren fasa dutse na Abuja, Kaduna, Kano da Filato giranait ce. Dutse ne mai ƙarfin gaske wajen ɗaukar nauyi, amma yana buƙatar a sa masa ido ta fuskar ruwa.

Sai kuma aikin tayoyi. Idan kofofin kwalta suka cika da ruwa, duk lokacin da tayar tirela ta hau, tana matse ruwan ne a ciki da ƙarfi, idan ta wuce kuma ta zuƙo shi. Hakan na faruwa sau dubbai a rana, kamar ana yi wa kwaltar wanki daga ciki.

Shi ya sa lalacewar kan fara daga ƙasan shimfiɗar ta hauro sama. Kafin mai wucewa ya ga rami, cikin ya daɗe da ruɓewa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ga kwalta, tsaga ɗaya da aka bari ba a toshe ba ta ishi ruwa.

Wasu kurakuran tun daga wurin haɗi suke farawa: tsakuwar da ƙurar yumɓu ta lulluɓe, ko wadda ruwan sama ya jiƙa ba a busar da ita sosai ba kafin a zuba mata danko. A irin wannan hali dankon a kan ƙura ko laima ya kwanta, bai taɓa kama dutsen ba tun asali.

Gwajin tukunya

Mafi sauƙi cikin gwaje-gwajen shi ne na tafasawa. Ana ɗibar haɗin kwalta da ba a danne ba, a zuba a ruwan da ke tafasa, a bar shi minti 10. Bayan an tsame ya huce, sai a duba da ido a ƙiyasta yawan tsakuwar da ta yi tsirara.

Gwaji ne mai araha da za a iya yi ko a wurin aiki, yana kuma cikin ƙa'idojin hukumar ASTM ta Amurka da lamba D3625. Rauninsa shi ne ido ne alƙali. Mutum biyu na iya duba kwano ɗaya su ba da hukunci biyu. Kazalika bai faɗin komai game da ƙarfin kwaltar bayan an danne ta. Saboda haka ana ɗaukarsa a matsayin gwajin share fage.

Gudumar Marshall

Hanyar da aka fi amfani da ita wajen tsara haɗin kwalta a Najeriya da ƙasashe da dama ita ce ta Marshall. Wani injiniya mai suna Bruce Marshall na ma'aikatar hanyoyi ta jihar Mississippi a Amurka ne ya ƙirƙiro ta a wajajen 1939, sannan sashen injiniyoyi na rundunar sojin Amurka ya inganta ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin gina filayen saukar jiragen sama.

Ana zuba haɗin mai zafi a wani ƙarfe mai siffar gwangwani, faɗinsa wajen santimita 10, a buga shi da guduma mai nauyin kilo 4.5 da ke faɗowa daga tsayin santimita 45 da ɗoriya. Titin da zai ɗauki manyan motoci bugu 75 ake yi wa kowace fuska. Abin da ke fitowa wani dunƙule ne mai kaurin wajen santimita 6.

A gwajin yau da kullum ana jiƙa dunƙulen a ruwa mai zafin digiri 60 na minti 30 zuwa 40, sannan a matse shi a na'ura har ya gaza. Domin auna illar ruwa kuwa, sai a bar wasu dunƙulen a ruwan zafin na tsawon sa'o'i 24 kafin a matse su, a kwatanta sakamakon biyu. Ƙa'idoji da yawa suna neman wanda ya kwana a ruwa ya riƙe aƙalla kashi 75 cikin 100 na ƙarfinsa.

Zaɓen digiri 60 ba a banza aka yi ba. Kwalta baƙa ce, tana shan rana, kuma a ranakun zafi fuskarta kan kai wannan mataki. Duk wanda ya taka titi ba takalmi a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba ya buƙatar ma'auni.

Daga Idaho aka samo gwajin da ya fi yaɗuwa

A shekarun 1970 hukumomin hanyoyi a Amurka sun shiga damuwa, ganin tituna na lalacewa da wuri alhali haɗinsu ya ci jarrabawar da ake yi a lokacin. Farfesa Robert Lottman na Jami'ar Idaho ya jagoranci binciken neman gwajin da zai yi hasashen abin da ruwa zai yi wa titi cikin shekaru. An wallafa rahotanninsa a 1978 da 1982, na biyun bayan an bi diddigin wasu tituna na gaske an kwatanta halinsu da hasashen ɗakin gwaji.

Daga aikinsa da na wasu masu bincike biyu, Tunnicliff da Root, aka fitar da gwajin da a yau ake kira AASHTO T 283. Lokacin da Amurka ta fito da sabon tsarin haɗa kwalta mai suna Superpave, bayan shirin bincike na 1987 zuwa 1993, wannan gwaji aka sa a ciki domin auna illar ruwa.

Ga yadda ake yin sa. Ana haɗa dunƙule shida, a danne su da gangan yadda kofofin iskarsu za su tsaya a kashi 7 cikin 100, wato kamar sabon titin da aka gama bi da rola. Uku a ajiye su a bushe. Ukun da suka rage su ne za su sha wuya.

Da farko ana nitsar da su a ruwa cikin wata tukunya da ake zuƙe wa iska, har ruwa ya cika kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na kofofinsu. Idan ya zarce 80, an lalata dunƙulen, sai a jefar a sake wani. Daga nan a naɗe su a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na aƙalla sa'o'i 16. A fito da su kai tsaye zuwa ruwa mai zafin digiri 60, su yi sa'o'i 24. A ƙarshe su yi sa'o'i biyu a ruwa mai digiri 25.

Sannan a kwantar da kowane dunƙule a gefensa, a danna shi da na'ura da saurin milimita 50 a minti har ya tsage biyu. Ana raba matsakaicin ƙarfin waɗanda suka sha ruwa da na busassun. Idan busassun sun ba da 1,000 misali, jiƙaƙƙun suka ba da 850, sakamakon ya zama kashi 85. A tsarin Superpave, haɗin da ya gaza kashi 80 ya faɗi.

Mai gwajin yakan kuma buɗe tsagin ya duba. Idan cikin baƙi ne, duwatsu ma wasu sun fashe, danko ya riƙe amana. Idan kuwa tsakuwa ce fara tas ke kallonsa, ruwa ya ci nasara.

Gwajin yana da nasa rauni, kuma masana ba su ɓoye ba. Ɗakunan gwaji biyu kan ba da sakamako mabambanta a kan haɗi ɗaya. Tun da kwatance ake yi, haɗin da ba shi da ƙarfi a bushe da jiƙe duka yana iya tsallakewa. Akwai kuma tambayar da ta dace da ƙasashe masu zafi: me ya haɗa titin Gusau da ƙanƙara? Masu kare matakin firiza suna cewa hanya ce ta gaggauta wahalar shekaru cikin dare ɗaya. Wani gwajin mai kama da shi, ASTM D4867, ya bar matakin a matsayin zaɓi.

Tayar Hamburg

A birnin Hamburg na ƙasar Jamus, a shekarun 1970, aka ƙera wata na'ura da ta bi ta wata hanyar. Maimakon a jiƙa kwalta sannan a fasa ta, sai a nitsar da ita cikin ruwan zafi, galibi digiri 50, a sa wata tayar ƙarfe mai nauyin kusan kilo 72 ta riƙa kai da komo a kanta, wajen sau 52 a minti, har zuwa sau 20,000. Aikin kan ci fiye da sa'o'i shida.

Kwamfuta na auna zurfin kwarin da tayar ke yi. Da farko kwarin a hankali yake ƙaruwa. Idan haɗin mai saɓulewa ne, akwai inda ake kaiwa zurfin ya fara gudu, ruwan wankan ya gurɓace da ɓarɓashi. Wannan gaɓar ita ce lokacin da danko ya saki dutse, kuma yawan zagayen da aka yi kafin a kai gare ta shi ke nuna juriyar haɗin.

Injiniyoyin Amurka sun ga na'urar a Turai a farkon shekarun 1990 suka kai ta gida, jihar Colorado na cikin na farko da suka gwada ta. A jihar Texas, haɗin da kwarinsa ya wuce milimita 12.5 kafin ya cika adadin zagayen da aka yanka masa ba ya hawa titi.

Fifikonta shi ne ta haɗa ruwa, zafi da nauyin taya a lokaci guda, abubuwa ukun da ke haɗuwa a kan hanyoyinmu da damina. Matsalarta tsada, da buƙatar wutar lantarki da ba ta yankewa na tsawon sa'o'i.

Idan haɗi ya faɗi, akwai magani

Faɗuwa a gwaji ba ta nufin a watsar da dutsen. Maganin da ya fi daɗewa shi ne garin farar ƙasa da aka ƙona aka kashe da ruwa, wanda ake zubawa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin tsakuwar. Yana sauya fuskar dutsen yadda danko zai kama ta da kyau, yana kuma rage illar ƙurar yumɓu.

Akwai kuma sinadarai na ruwa da ake ɗigawa a cikin dankon, galibi ƙasa da kashi 1 cikin 100 na nauyinsa. Wasu injiniyoyin kan sa siminti kaɗan a madadin wani ɓangare na garin dutse. Bayan an ƙara maganin sai a sake gwajin, domin abin da ya yi aiki a kan dutsen wani wuri ba lallai ya yi a kan na wani ba.

Najeriya ba ta rasa dutsen farar ƙasa ba. Shi ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato, Ashaka ta Gombe da Obajana ta Kogi. Kuɗin da za a ƙara wajen wannan rigakafi ƙanƙane ne idan aka kwatanta da na kankare titi a sake shimfiɗa shi.

Abin da ɗakin gwaji ba zai iya ba

Haɗi na iya cin kowace jarrabawa, a zo wurin aiki a ɓata shi. Idan tifa ta yi doguwar tafiya kwaltar ta huce kafin a shimfiɗa, rola ba za ta iya danne ta yadda ya kamata ba, sai kofofin iska su yi yawa. Wani bincike da aka wallafa a 1989 kan titunan jihar Washington ya nuna cewa duk ƙarin kashi 1 na kofofin iska a kan kashi 7 yana rage wa titi kusan kashi 10 cikin 100 na rayuwarsa.

Shi ya sa bayan an gama aiki ake huda titin da na'ura a ciro dunƙule daga jikinsa, a auna kauri, yawan danko da yadda ya dannu. A nan ake gane ko abin da aka rubuta a takarda shi aka zuba a ƙasa.

Sai magudanar ruwa. Titin da lambatunsa ya cika da shara da leda, ruwa na kwana a kansa, ko da me aka haɗa shi sai ya gaji. Ambaliya kuwa wani babin ce daban. Lokacin da ruwa ya shanye hanyar Lokoja zuwa Abuja a Koton Karfe a watan Oktoban 2022, har tankokin mai suka maƙale aka shiga ƙarancin fetur a Abuja, ba ingancin danko ake magana ba. Amma titin da ya kwana a ƙarƙashin ruwa, aka kuma sako masa manyan motoci da zarar ruwan ya janye, ya haɗu da ainihin yanayin da tayar Hamburg ke kwaikwaya.

Na ƙarshe shi ne lodin da ya wuce kima. Babban gwajin hanya da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi kan ninka kusan sau 16. Tirela ɗaya mai lodin wuce kima a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ta fi dubban ƙananan motoci illa.

Tambayoyin da ya kamata a riƙa yi

Tun da Ministan Ayyuka David Umahi ya kama aiki a 2023 yake nuna fifiko ga titin kankare a kan na kwalta, bisa hujjar cewa ya fi daɗewa. Muhawarar na ci gaba. Ko ma ina ta tsaya, mafi yawan titunan da ke ƙasa a yau na kwalta ne, kuma jihohi da ƙananan hukumomi za su ci gaba da shimfiɗa ta shekaru masu yawa.

Ƙasar tana da hukumomin da aikin ya shafa. Akwai Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, NBRRI, da aka kafa a 1978, da hukumar gyaran hanyoyin tarayya, FERMA, da aka kafa a 2002, ga kundin ƙa'idojin aikin hanyoyi da gadoji na Ma'aikatar Ayyuka, ga kuma sassan koyar da aikin injiniya a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. A kwangiloli da yawa, wa'adin da ɗan kwangila ke da alhakin gyara abin da ya lalace shekara ɗaya ne bayan miƙa aiki. Cutar saɓulewar danko kuwa takan ɗauki damina biyu ko uku kafin ta fito fili. Kafin ramin farko ya bayyana, an biya ragowar kuɗi, an kwashe kayan aiki, gyara ya koma wuyan gwamnati, wato wuyan mai biyan haraji. Kafin gyaran ya zo kuma, direba ne ke biya da taya da sufurin, fasinja da ƙarin kuɗin mota, wani lokacin da rai, idan aka kauce wa rami aka yi taho-mu-gama.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun aikin gwamnati a rubuce. Ƙungiyar ci gaban unguwa, ƙungiyar direbobi ko ɗan majalisar da ake aikin titi a mazaɓarsa na iya tambaya: daga ina aka ɗebo tsakuwar? An gwada haɗin a ruwa, kuma kashi nawa ya samu? An sa maganin saɓulewa? Wa ya yi gwajin, ɗan kwangilar da kansa ko wani ɗakin gwaji mai zaman kansa? Bayan an gama, an huda titin an auna?

Amsoshin duk lambobi ne da ke rubuce a takarda, idan har an yi gwajin. Lokacin neman takardar shi ne yanzu da rola ke kan titi, tun ɗan kwangila bai karɓi cikon kuɗinsa ba.